Shirin Resident na Hernan Cattaneo: kiɗa na canjawa, rawa tana nan

Bahaushe ya ce in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Sana'ar Hernan Cattaneo, DJ mai haɗa kiɗa da kiɗa, kacokan a kan saɓa wa wannan magana ta tsaya. Zai canja maka kiɗa wajen sau goma cikin awa guda ƙafarka ba ta sani ba. Sai can ka ankara, ashe wanda kake kaɗa kai a kansa ya daɗe da tafiya, wani ya zauna a gurbinsa tun minti biyu da suka wuce. Shirinsa na mako-mako mai suna Resident shi ne hanya mafi arha da mutumin Kano zai ji wannan aiki, don ba a biyan ko sisi, data kawai zai ci.

Mutumin ɗan Ajantina ne, an haife shi a Buenos Aires a 1965. Ya yi suna ne a gidan rawa na Pacha da ke birnin, inda ya riƙe daren Asabar shekara da shekaru, daga nan shahararren DJ ɗin Ingila Paul Oakenfold ya ji shi ya ja shi yawon duniya, har ya samu gurbi a gidan rawa na Cream na Liverpool da na tsibirin Ibiza a Sifaniya. A 2004 ya fitar da haɗinsa na farko a jerin Masters Series na kamfanin Renaissance, a 2009 ya kafa nasa kamfanin mai suna Sudbeat. Salon da yake yi, wato progressive house, a Ingila aka raine shi a farkon shekarun 1990. Gidan rawa na Renaissance ya buɗe a garin Mansfield a 1992, kuma haɗin faifai uku da DJ biyu, Sasha da John Digweed, suka yi wa gidan a 1994 har gobe shi ake kafa hujja da shi. Da yawa daga mutanen wancan zamani sun bi wasu salon da suka fi kawo kuɗi. Cattaneo ya tsaya a nan, kuma shirin Resident ya haura fitowa 600.

Kowace fitowa kusan awa ɗaya ce. Babu dogon surutu. Babu kirari, babu "a ɗaga hannu sama", babu ƙarar jiniya ko ta harbin bindiga irin wadda masu DJ ɗinmu ke dannawa in suna son rufe aibin haɗi. Ana rubuta jerin sunayen kiɗan da masu su a ƙarƙashin kowace fitowa, abin da ya mai da shirin wurin tsintar sababbin sunaye. Yawancin kiɗan kowane ɗaya yana kai minti bakwai zuwa tara in an bar shi shi kaɗai. Gudunsu kuma yana zagaye da bugu 120 zuwa 124 a minti, kuma da wuya ka ji ya motsa daga inda ya fara sai da ɗan ƙiris.

Wanda ke son ya kama shi yana haɗi sai ya koyi ƙirga, in ba haka ba zai saurari awa guda ya ce waƙa ɗaya ce aka yi ta maimaitawa. Babbar gangar nan da ke cewa dum, dum, dum ita ce ma'auni. Bugu huɗu gaɓa ɗaya ke nan. Gaɓa takwas, wato bugu 32, zango ɗaya. A gudun 122, zango ɗaya yana cin daƙiƙa 16 saura kaɗan, zango huɗu kuwa minti ɗaya da daƙiƙa uku. Masu tsara irin wannan kiɗa kusan ba sa shigo da sabon abu ko cire tsoho sai a bakin zango. To ka sa hedfon, ka jira wurin da wani abu ya shigo a fili, misali kacau-kacau ɗin sama, ka fara ƙirga daga nan da yatsa a kan cinya. A bugu na 33 za ka ji wani abu ya ƙaru ko ya ragu. In ka yi haka sau biyar ba ka ɓata ba, kunnenka ya hau layi.

Yanzu ga abin da hannunsa ke yi, gwargwadon yadda kunne ke iya warwarewa. Tun kiɗa na farko yana da sauran kamar minti biyu, na biyu ya riga ya shigo ta ƙarƙashi, an daidaita bugun farko na zangonsa da bugun farko na zangon wancan. A mikisa, wato na'urar da ake haɗa kiɗan a kanta, kowane layi yana da abin murɗawa uku, HI na sautin sama, MID na tsakiya, LOW na ƙasa. Sabon kiɗan yana shigowa ne an murɗe masa LOW gaba ɗaya, an ɗan rage masa MID. Abin da za ka fara ji shi ne wani sabon kacau-kacau ko ɗan ƙwanƙwasa ya haɗu da na da, kamar an ƙara mutum ɗaya a cikin masu tafi. Zango biyu ko uku a haka. Daga nan tsakiyar sabon ta fara buɗewa, ta tsohon ta fara janyewa. Sai a bakin wani zango, daidai kan bugun farko, a yi musayar ƙasa: LOW na tsoho ya sauka, na sabo ya hau, a lokaci guda. Nan ne kaɗai mai ƙirga yake cafke shi, don nauyin gangar yana ɗan sauyawa, ko bes ɗin ya koma wani taku. Amma tsohon bai tafi ba tukuna. Za a bar wutsiyarsa, wata 'yar murya ko amon fiyano, tana shawagi a kan sabon har zango biyu kafin a sallame ta.

Dalilin da ya sa ba a barin ƙasa biyu a buɗe ba na kwalliya ba ne. Babbar ganga tana zaune ne a wajen haz 50 zuwa 60 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙaramar lamba sauti mai kauri). In biyu suka faɗo daidai da juna ƙarfinsu yana haɗuwa, fitilun mikisa su yi ja, amfilifaya ta fara yanke kan sautin. In kuma ɗaya ta riga ɗaya da ƙiftawar ido, sai su cinye juna, gangar ta koma kamar an buga kwali. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da wufa, babbar sifikar da ke fitar da sautin ƙasa, a wurin biki ya ji sautin ya yi wani irin kumbura ya sace a lokacin canjin waƙa, abin da ya ji ke nan.

Abu na biyu da ke ɓoye ɗinkin shi ne dacewar amo. Kiɗa biyu da za su kwana a kan juna tsawon minti biyu dole muryoyinsu su jitu, kamar yadda mai goge ba zai ɗaure tsirkiyarsa a wani wuri mawaƙi yana rerawa a wani wuri ba. Masu haɗa kiɗa suna amfani da taswirar Camelot, wadda ta jera amo a da'ira kamar agogo, daga 1A zuwa 12A da kuma 1B zuwa 12B. Ƙa'idar mai sauƙi ce: daga 8A kana iya zuwa 7A ko 9A, ko ka tsallaka 8B, ba tare da kunne ya ji an taka shi ba. Manhajar rekordbox da VirtualDJ duk suna iya auna wannan su rubuta maka a gefen kowace waƙa, sai dai sukan yi kuskure, musamman a kiɗan da ganga ta fi yawa, don haka a riƙa tabbatarwa da hedfon. A Resident da wuya ka ji amo biyu sun yi karo. Abin da ya fi burgewa ma shi ne lokacin da ya tsallake ƙa'idar da gangan: sai ya jira inda tsohon kiɗan ya tuɓe ya rage ganga zalla, babu wata murya da za ta yi gardama, sannan ya shigo da sabon amo daga nesa. Ɗakin gaba ɗaya sai ya zama kamar an buɗe taga.

Ana yawan cewa masu irin wannan salo hanya ɗaya gare su. In gudu ake nufi, gaskiya ne. Faɗin Cattaneo yana cikin yanayi ne. A fitowa guda zai iya farawa da kiɗa mai taushi, gangar a lulluɓe, da amon kaɗe-kaɗen hannu, ya gangara zuwa wani mai duhu wanda bes ɗinsa ke birgima ba ya ɗagawa, ya ratsa ta wani mai karyayyen bugu inda gangar ta daina faɗowa huɗu-huɗu, sannan ya rufe da mai faɗin amo da ke sa mutum ya ɗaga kai. Duk wannan a tsakanin bugu 121 da 123. Ba ya kuma yawan amfani da dabarar nan ta cire ganga a yi ta tara ƙara har a fashe. Yana cire gangar, amma in ta dawo sau da yawa a hankali take dawowa, kamar mai shiga ɗaki ana barci. A waje da shirin faɗin ya fi fitowa: a 2018 ya hau dandalin Teatro Colón, babban gidan kiɗan gargajiyar Turai na Buenos Aires, tare da cikakkiyar ƙungiyar masu goge da busa, a wani wasa mai suna Connected. Yana da kuma wasannin Sunsetstrip da ake farawa tun da sauran rana, da kiɗa mai sanyin gudu, a ɗaga shi sannu a hankali yayin da duhu ke shigowa.

Aibin shirin daga nan ya taso. Mutumin da ya saba riƙe wuri awa biyar ko shida, awa ɗaya ta yi masa kaɗan, kuma wani makon ana jin haka: an tashi, an yi tafiya, ba a kai ko'ina ba lokaci ya ƙare. Akwai fitowar da tsakiyarta take yin shimfiɗa, kiɗa uku a jere masu kama da juna, duk masu kyau, babu wanda za ka tuna gobe. Muryar mutum kuma ta yi ƙaranci ƙwarai, in ma akwai to guntuwa ce da aka yanka aka mai da ita kayan kiɗa. Kunnen da aka raina da waƙa mai baiti da amshi zai yi ta jiran mawaƙi ya shigo, ba zai shigo ba. Ga wani abin haushi ga mai son saye: wasu kiɗan da yake sakawa ba su fito kasuwa ba tukuna, masu su ne suka aiko masa tun da wuri. Sai ka ga suna a jeri, ka je shafukan sayar da kiɗa irin Beatport ko Bandcamp ka rasa, ka yi watanni kana jira.

Batun saurare a nan Kano, yawancin waɗanda suka ce sun ji bai yi musu ba, da sifikar waya suka ji. Sifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, to rabin aikin a ƙasan yake, musayar nan da aka yi bayani ba za ta fito ba sam. Ƙaramin akwatin bulutut mai fitilu ma ba ya warkar da matsalar, don irinsa an gina shi ne ya kumbura wuri ɗaya a bes, sai kowace ganga ta koma iri ɗaya. Mafi arha shi ne iyafis mai robar da ke toshe kunne, a gwada robobin nan uku da ke zuwa a kwali a zaɓi wadda ta kama sosai; in iska na shiga, bes na fita. A kashe duk wani ƙarin bes da wayar ke da shi. A mota a mai da bes da tirebul tsakiya. Hanyar Zariya da daddare, ko ta Katsina, ta fi kowane ɗaki dacewa da shi, matuƙar direba ba mai gyangyaɗi ba ne, don kiɗan yana da jan hankali irin na lilo. Lissafin data kuwa: awa ɗaya a ingancin sauti na 128 kbps tana cin megabait 58, a 320 kuma 144. A sauke da daddare a ajiye, ya fi a saurara kai-tsaye, saboda in netwok ya tsinke a tsakiyar haɗi ƙirgarka ta rushe.

Ga mai DJ da ke son ya ɗauki wani abu daga nan, ba sai da babbar na'urar DJ irin CDJ-3000 ba. Ƙaramar na'ura mai layi biyu irin DDJ-400 ko DDJ-FLX4 da laftof sun isa, tunda abin murɗawa ukun nan suna da su. A samo kiɗa biyu masu gudu ɗaya da amo maƙwabta, a sa alama a bugun farko na kowane zango huɗu, a yi ta haɗa su ana naɗa ana saurare. Kuskuren farko da kowa ke yi shi ne shigowa a bugu daidai amma a zango ba daidai ba: gangunan sun hau juna tsaf, amma sabon kiɗan yana canjawa a gaɓa ta uku ta tsohon, sai haɗin ya yi ta tuntuɓe ba ka san dalili ba. Na biyu shi ne gaggawa, hannu ya ƙagu ya ja feda, wato abin ƙara ko rage ƙarar layi. Na uku fayil ne. Kiɗan da aka tatso daga YouTube yawanci an datse masa sama daga wajen haz dubu 16, a waya ba a ji, amma a manyan sifiku kacau-kacau ɗinsa yana fita kamar ana yayyafa ruwa a kasko mai zafi, kuma in ka ɗora shi a kan mai inganci nan take ɗinkin ya bayyana. Wanda zai je wurin da ke da CDJ ya yi wa filasharsa fomat a tsarin FAT32, ya fitar da waƙoƙin ta cikin rekordbox, ya riƙe filasha biyu.

Haɗa shi da abin da ake ji a gari shi ne inda ake shan wuya. Amapiano yana yawo ne a wajen bugu 110 zuwa 115. Jawo mai 113 zuwa 122 ƙarin kashi takwas cikin ɗari ne, alhali kashi shida kaɗai ya isa ya ɗaga amo da rabin mataki, muryar mawaƙi ta koma ta yara. In ka kunna makullin amo, wanda kamfanin kayan DJ na Pioneer ke kira Master Tempo, muryar za ta zauna amma gangar ta yi laushi ta rasa kaifi. Waƙoƙin bikinmu na Hausa kuwa matsalarsu daban: da yawansu takunsu uku-uku ne irin na kalangu, shi kuma wannan a miƙe yake huɗu-huɗu, don haka ko injin ya nuna maka lamba ɗaya, kacau-kacau ɗin biyu za su yi ta faɗa. Gadar da ta fi aminci ita ce afro house irin na Afirka ta Kudu, wanda DJ Black Coffee ya fi kowa fito da shi duniya: gudunsa ɗaya da wannan, gangunansa kuma kunnenmu ya san su.

Kar wanda ya kai wannan filin rawar amarya. Can ana son waƙar da kowa ya haddace, a kira sunan uwar biki, a yi liƙi, bayan minti biyu a canja. Kiɗan da ke ɗaukar minti uku kafin ya faɗi abin da ke bakinsa zai sa ƙawayen amarya su zo su tsaya maka a ka. Wurinsa shi ne awar farko ta dina, lokacin da baƙi ke shigowa ana neman kujera, da wuraren motsa jiki, da gidajen cin abinci na Nasarawa da Bompai inda ake son kiɗa ya cika wuri ba tare da ya hana hira ba. Teloli masu kwana a kan keke gab da Sallah ma za su same shi abokin aiki.

In za a saka shi a babban zaure, a lura da ɗakin kafin a lura da waƙa. Yawancin zaurukan taronmu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, sauti yana dukan ko'ina yana dawowa, kuma wannan kiɗa da ma cike yake da amsa-kuwwa tun daga sutudiyo, sai abin ya zama kunu. Maganin ba ƙara murya ba ne. A rage ta, a karkato sifikun sama su kalli mutane maimakon bangon baya, a haɗa wufa mai inci 18 wuri guda a tsakiya in da hali maimakon a raba su kusurwa biyu, a yanke tsakaninsu da na sama a wajen haz 80 zuwa 100. In an kunna wufa biyu aka ji bes ya ragu maimakon ya ƙaru, waya ɗaya aka juya, ja a wurin baƙi. Kayan sauti su samu layinsu daban daga janareta, kada su haɗa da na'urar sanyaya ɗaki ko firiza, don duk lokacin da kwamfuresa ta tashi wuta tana faɗuwa, kuma a kiɗan da gangarsa ba ta hutawa kowa zai ji faɗuwar. Gurnanin nan na ƙasa-ƙasa da ke fitowa da zarar an sa cajar laftof, a waƙa mai hayaniya yana ɓuya, amma a nan akwai wuraren da kiɗan ke yin shiru sosai, sai ya fito tsirara. Ɗan akwatin raba layin sauti da ake sa wa tsakanin na'ura da mikisa yana kashe shi. Lokacin hunturu kuma a rufe na'ura da ƙyalle da zarar an gama, ƙura ce ke sa feda ta fara ƙarar yashi, ga shi wannan salo gaba ɗaya da jan feda a hankali ake yin sa.

Sai lokacin sallah. Kiɗan da ba ya tsayawa ba shi da wurin yankewa na kansa, don haka mai saka shi ya riƙa duba agogo, kada kiran Magariba ya riske shi a tsakiyar haɗi. Saura kamar minti biyu ya daina shigo da sabo, ya murɗe LOW a bakin zango, ya bar sama da tsakiya su yi zango ɗaya su kaɗai, sannan ya sauke feda cikin bugu 32 na gaba. In an idar ya dawo da kiɗa mai amo ɗaya da wanda ya tsaya a kai, daga farkonsa, inda ganga ce kaɗai.